Saiwoyin Iska

Wata huɗu ke nan da aka kai Tuovi gidan jinya.
Ta bar mini tabarau a kan firji,
da wannan tsiro na bakin taga
da mutanen Tampere ke kira bishiyar kuɗi.
Kuɗi dai ban gani ba. Ganye na gani,
masu kauri kamar kunnen jariri,
suna sheƙi ko rana ba ta fito ba.
A nan kuwa, cikin Disamba, rana baƙuwa ce:
ta leƙo da hantsi, kafin shayi ya huce ta yi sallama.

Shekara talatin ina tuƙa bas,
ko ciyawa ban taɓa raino ba.
Sai na yi abin da na iya: ruwa.
Safe ruwa, dare ruwa,
in kewa ta taso mini, in ƙara ruwa.

Ran nan sai ga wasu zaruruwa a jikin reshe,
sirara kamar furfura, bakinsu ja-ja,
sun ɓullo daga gaɓa suna reto,
ba ƙasa a ƙarƙashinsu sai hucin hita.
Saiwa a sama! Me take nema?

Reijo na hawa na uku, tsohon mai gyaran agogo,
ya tsoma yatsa a tukunyar, ya sunsuna, ya girgiza kai.
Ya ce, "Saura kaɗan ka kashe ta da ƙauna.
Ta ƙasan ta ruɓe, shi ya sa ta fiddo ta sama.
Ƙishi take ji a tsakiyar kogi."

Na shimfiɗa jaridar jiya a kan tebur,
na kife tukunyar a tafin hannu, na bubbuga gindinta.
Ƙasar ta faɗo dunƙule guda, baƙa, jiƙe jagab,
tana warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba.
Na bi saiwoyin ɗaya bayan ɗaya:
wadda ta yi laɓo-laɓo, almakashi;
fara mai ƙwari, a bar ta.
Abin da ya rage bai cika cokali ba.

Can ƙasan dunƙulen yatsana ya ci karo da wani abu,
tsingaron kofi shuɗi,
wanda na fasa shekarar da muka tare,
ta ce kar in damu, ta zubar.
Ashe nan ta ajiye shi yana gadin hudar ruwa.
Na zauna. Na daɗe ban tashi ba.

Reijo ya ce in bar ta tsirara kwana biyu,
ciwo ya bushe kafin a rufe shi.
Sannan tukunyar yumɓu, ƙarama,
don wadda ta rasa saiwa ba ta son ɗaki mai faɗi.
Ƙasa rabi, tsakuwa da yashi rabi,
tsingaron a ƙasa, inda mai shi ta sa shi.
Na ce, ruwa fa?
Ya ce, "Mako guda ka ɗaure hannunka."
Ban san butar da ba a ɗauka ba
ta fi cikakkiya nauyi sai yanzu.

Na saman ban yanke su ba.
In ta samu gindin zama, in ji shi,
za su bushe don kansu.

Ran Lahadi na je wurin Tuovi.
Ba ta kira sunana ba.
Tana zaune bakin taga, hannu ɗage kaɗan,
yatsu suna lalube cikin iska
kamar mai neman madannin fitila a duhu.
Da can sai in yi ta kwarara mata magana:
kin tuna? kin tuna? kin tuna?
Yau na kama bakina.
Na matso da kujera,
na ajiye hannuna inda nata zai iya isowa,
na jira.

Dusar ƙanƙara na sauka a kan tabki.
Mai jinya ta shigo, ta fita.
Can, ƙaramin yatsanta ya taɓa nawa,
ya tsaya.